Mai Iza Wutar Gidan Burodi

Ƙarfe goma na safe ne, ana yayyafi, ina kan keken ɗinkina sai ga 'yar Tsoho ta faɗo shago ba sallama, ƙafarta ko takalmi babu.

"Tela, Baba ba ya ɗaki!"

Tsoho maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara talatin da ɗaya yana iza wutar gidan burodin bayan layinmu. Sati biyu ke nan yana kwance da ciwon ƙirji, likita ya ja kunne kada ya kusanci hayaƙi, kada ruwa ya taɓa shi.

Ban ma tambaye ta inda za mu duba ba. Can gidan burodin muka same shi, durƙushe a bakin tanderu, riga jiƙe sharkaf. Ga farantan burodi a ƙasa, baƙi ƙirin. Sabon ma'aikacin da aka ɗauka a madadinsa yana ta fifita wuta da kwali.

"Ajiye kwalin nan," in ji Tsoho. "Wa ya ce ka hura? Izawa ake yi."

"Ai duk ɗaya ne, Baba."

"Ɗaya a gidanku." Ya yi tari har sai da ya dafa ƙasa. "Iza turawa ce. Wanda ya koya mini ya ce a hannun uwa aka samo ta, yadda take tura ɗanta mai koyon tafiya ta baya. Ba ta ɗauke shi, ba ta hankaɗa shi. Kai kuwa ka cusa itace kamar mai cika buhu."

Ya zare guda huɗu, ya tura ɗaya faɗin yatsa biyu. Wutar ta kwanta.

Mai gidan burodin yana tsaye a bakin ƙofa da lema, ya toshe hanci da hankici. 'Yar Tsoho ta yi kansa.

"Kai ka aika a taso shi?"

"Ni? Cewa na yi a tambayo shi yadda ake yi. Fulawa buhu biyu muka ƙona, ƙanwata."

"Ban haɗa uwa da kai ba! Ga mota a waje, ga lema a hannunka, ka bar shi ya tako cikin ruwa? Kai ba ka da ƙafar zuwa ka tambaya?"

Ya juya yana duba wayarsa.

Ni na goya Tsoho zuwa gida. Bai fi ƙunshin yadi nauyi ba. A kan bayana yake cewa, "Tela, ka gaya wa yaron kada ya ƙara mata sai ta yi ja." Na ce to. Ban gaya masa ba, kuma har yau ban yi nadama ba.

Kwana uku ya yi. Ranar Laraba da rana ya cika.

Washegari sai ga mai gidan burodi, da motarsa, da kwali cike da burodi. Ya zauna a tabarma yana cewa marigayi uba ne a wurinsu. 'Yar Tsoho ta ɗauki guda ɗaya, ta kifa shi a gaban mutane. Ƙasansa ƙonanne.

"Wanda ba zai sayu ba ka kawo mana? Kwashe."

"Haba, ƙanwata…"

"Kwashe na ce!"

Ni ba mutumin faɗa ba ne, kowa ya sani. Amma na ɗauki kwalin nan na kai na dire a kan motarsa, na tsaya a wurin har ya fito ya tafi.

Da yamma ta ɗora ruwan zafi saboda baƙi, ta zauna a gaban murhu ta zuba wa bango ido. Itacen ya ci baya, wutar tana neman mutuwa. Na durƙusa. Ban hura ba. Na tura guda ɗaya, faɗin yatsa biyu.

Ba ta dube ni ba. Can sai tukunyar ta fara ƙara.