Buhunan Madu

Shekara goma sha ɗaya Yuguda dillali yana tasowa daga Nguru ya kwashe dankalina kaf, ya loda a jirgin ƙasa zuwa Kano. A fadamar Gashuwa in aka ce dankali, to Madu ake nufi, ni ke nan. Har buhunana tambari gare su: jan fenti da sunana.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari, a tamanin da biyar, aka ba wani malamin makaranta aron gonar da ke maƙwabtaka da tawa. Jerome sunansa, Tibi ne daga Binuwai. Mutum mai alli a hannu wai shi ma zai yi dankali! Ni na ba shi iri, ina dariya a ciki.

Cikin wata biyu dariyar ta ƙare. Gonarsa ta rufe ruf da ganye, kore shar. Masunta in za su kogi sai su tsaya suna yabawa. Har matata Fanne, da ta kawo mini fura, ta tsaya tana kallo ta ce, "Kai, Ticha yana da hannu." Furar nan ban sha ta da daɗi ba. Kishi na ji, ba zan ɓoye ba.

Al'adarmu ce mu ɗan yanki ganyen dankali mu kai wa tumaki in an kusa haƙa. Ni kuwa na daɗe da yarda cewa ganye ɓarawo ne, shi ke shanye ƙarfin da ya kamata ya sauka ƙasa. Sai na ce bana zan nuna wa baƙon nan iyakarsa. Na fara yanka tun da wuri, na aske gonar kamar kan jariri ranar suna. Shi kuma na ƙi gaya masa sirrin, don ganye ya cinye shi.

Jerome ya same ni da lauje a hannu, ya gaishe ni da ɗan Barbarcin da ya koya.

"Wushe, Baba Madu. Me ya sa kana cire ganye haka?"

"Tumaki ne, Ticha," na ce.

"Baba, ganyen nan shi ne madafa. Shi yana shan rana da iska, saiwa ta kawo ruwa, ya dafa abinci mai zaƙi. Abin da ya rage ya aika ƙasa a ajiye. Dankali rumbu ne kawai. In ka rushe madafa, me za ka zuba a rumbu?"

Na ce masa ya kai wannan karatu aji. Washegari na ƙara yanka, don haushi. Duk ganyen da ya sake tohowa na bi shi, ban san da ɗan abin da ke rumbun yake tohowa ba.

Ranar haƙa Yuguda ya iso da akori-kura. Na kafa fartanya, na ɗago: dankali kamar yatsun hannu. Kunya biyar na bi, duk haka. Jerome kuwa kowane ɗaya sai ya cika tafi biyu. Yuguda ya tsallake iyaka zuwa gonarsa.

Can ya dawo yana sosa ƙeya. "Madu, Ticha ba shi da buhu. Ka ara mana naka, tunda ba abin da za ka zuba."

Na ba su. Ina tsaye aka cika buhu arba'in masu sunana da dankalin wani.

Bayan mako biyu na haɗu da Yuguda a kasuwa, ya riƙe hannuna.

"Mutanen Kano suna gaishe ka," in ji shi. "Sun ce tunda suke cin dankalin Madu, ba su taɓa jin mai zaƙin na bana ba."