Mai Balangun da Ba Ya Cin Nama

Salmanu mai balangu ya ci nama ranar Talata, bayan likita ta hana shi. Nan aka yi ɓarnar.

Wata uku abin yana zuwar masa, kuma ba ya zuwa da wuri. Sai ya ci nama ya manta, bayan awa huɗu jiki ya tashi ruɗu-ruɗu, maƙogwaro ya matse kamar an zarga masa igiyar kayar da sa. Matarsa ta ce sammu ne. Shi a ransa, shanun da ya yanka ne suka gano shi.

Likita Dooshima ta aika jininsa Abuja. Da sakamako ya dawo ta ce, "Baba, kaska ta taɓa cizonka?"

"Mahauci kike tambaya?"

"To ita ce ta sa jikinka ya daina karɓar nama. Sa, rago, akuya, duk ka bari." Ta ba shi allura mai kama da biro. "Numfashi na fara sarƙewa, caka a cinya, ka taho asibiti."

Ya bari. Amma a tashar motar garin Obi, inda yake sana'a, akwai ido. Mai balangu ba ya ɗanɗana namansa! Wasu suka ce jaki ne, wasu mushe. Masu saye suka watse, sai ƙuda.

Ranar Talatar da tsakar rana, Terfa direba ya tsaya. "Oga Salmanu, kai ba ka ci, mu ne za mu ci? In nama mai kyau ne, ci mu gani!"

Salmanu ya yanki tsoka mai kitse, ya dangwali yaji, ya tauna a gabansu. Aka yi shewa. Kafin azahar an cika gaban tukuba.

Yana yanka, yana duban agogo.

Dab da la'asar tafin hannunsa ya fara ƙaiƙayi. Ya shafa allurar a aljihu, ya dubi mutum goma suna tauna. In ya faɗi nan, sai a ce naman ne.

"Kalilu, riƙe wuƙar, zan kama ruwa," ya ce wa wansa. Ya tafi a hankali, har da murmushi, ya zagaya bayan manyan motocin doya.

Can aka same shi zaune, rai ya yi halinsa, allurar a hannu, bai kai ga cire murfin ba.

Ciniki dai ya dawo. Kalilu ne ke yanka yanzu.