Katangar Hamida

Shekarar da aka ba yankinsu jiha, hanyar ƙofar gidan su Hamida a Gwadangaji ta canza hali. A da jakai ne da shanu, yanzu kuwa tifofin yashi ne tun safe har la'asar. Mijinta Sirajo yana koyarwa a Argungu, sai ƙarshen mako yake zuwa. Gaban gidan wata ruɓaɓɓiyar zana ce kawai, ga 'yarsu Rauda ta fara tafiya, ba ta nufin ko'ina sai inda ƙarar mota take.

Ran da Hamida ta fizgo ta daga bakin kwalta, direba na ta zage-zage, ran nan ta aika aka kira Arzika, tsohon maginin da ya gina rabin unguwar.

"Baba, katanga nika so. Ina iyakarmu take?"

"Ɗiyata, ai sananna ta. A bar inda jaki da kaya ka wucewa, saura naku na."

Bai tsaya a faɗa ba. Ya ja igiya, ya sa aka kawo jaki ɗauke da buhun albasa biyu, aka bi da shi tsakanin igiyar da kwalta. Ya wuce ko gogawa babu. Hamida da kanta ta yi ta ɗebo ruwan kwaɓa, goyo a baya, har gini ya kai kafaɗa. Wata biyu ta yi tana daka hankalinta kwance.

Wata Talata sai ga ma'aikatan hukuma uku da igiyar awo da gwangwanin jan fenti. Ta ƙofa ta hango su. Ba daga gefen kwalta suka fara awo ba, daga tsakiyarta suka fara. Igiyar ta haye katanga, ta sauka taku huɗu cikin tsakar gida.

Ta jawo mayafi ta fito. "Yallaɓai, lahiya?"

Babbansu ya amsa ba tare da ya ɗaga murya ba. "Malama, kin shiga hanya."

"Ga hanya can, baƙa wuluk. Nan gidan mijina na."

"Kwalta daban, hanya daban. Akwai wurin lambatu, da bututun ruwa, da turakun wuta. Duk nan an keɓe shi. Yana cikin taswira."

"Wa ya gwada muna taswirar? Da jaki munka auna!"

Mai riƙe da fentin ya tuntsire da dariya. "To a kira jakin shi sa hannu."

"Ka yi dariya, Malam. Ba ɗiyarka ta ba."

Bai fasa shafa jan fentin a jikin katangar ba. Kwana bakwai suka ba su kafin a rushe ta.

Sirajo ya zo ya yi yawon ofis kwana biyu, ya dawo da takarda mai faɗin abin da aka riga aka gaya mata. Arzika kuwa cewa ya yi shi haka ya iske ana yi. Ya kuma ce ba a sabon gini sai damina ta wuce, ga hadari ya fara haɗowa.

Ran da aka rushe, Hamida ba ta yi kuka ba. Ta share tsakar gida, ta ware tubalan da ba su fashe ba. Wata tifa ta taho da ruri, Rauda ta miƙe tana tafi, ta nufi hanya. Uwar ta cafko ta, ta kwance ɗankwalinta, ta ɗaura baki ɗaya a ƙafar yarinyar, ɗayan a gindin turmi. Ta sa yatsa ta gwada ko ya matse. Yarinya na tsala ihu tana ja, ita kuwa ta ɗauki taɓarya.