Kwatance a Tsohon Gida

Ga ta nan tafe gare ku!
To, ta iso mu ji.

Wata mai gyaran kwamfuta ce kawunta ya roƙa ta mayar da imel ɗin ofishinsa wani kamfani. Ta ce, "Kawu, adireshi da kalmar sirri kawai za ka saka, waya ta ƙarasa sauran."

Kwana biyu waya ta ƙi. Alhali ta rubuta bayanan DNS tsaf, wato kwatancen da ke nuna wa waya inda akwatin saƙo yake. Kawu kuwa amsar kwangila yake jira.

Ya ce, "'Yar nan, ko in kira mai gyara na waje?"

Baiwar Allah, kunya ta rufe ta.

Sai tsohuwar sakatariyar ofishin ta leƙo kwamfutar. "Wannan shafin kike buɗewa? Ai tun bara aka ɗauke sunan ofishinmu na intanet daga hannun masu shafin nan, aka kai wa wasu."

Ashe a tsohon gida 'yar take ta manna kwatance! Ta kwafe shi zuwa sabon. Kafin la'asar waya ta yi ƙara.

Kawu ya samu amsarsa, sakatariya ta sha godiya, aikin ofis kuma ya zauna hannun 'yar.