Tuba Daga Nesa

Ni Orvil Haskett ba a taɓa kayar da ni ba. Shekarar da gwamnati ta zo da motoci ta kwashe mutanen garinmu saboda auren mace fiye da ɗaya, ina da ƙuruciya, da ƙafata na shiga kurkuku, da ƙafata na fito. Suka kawo takarda wai in sa hannu na bar ɗariƙarmu. Ban iya rubutu ba, amma ko na iya ba zan sa ba. Rabin rijiyoyin da ke gindin jajayen duwatsun nan na iyakar Utah da Arizona ni na haƙa su. Mata uku na aura, yadda ake so ga mai neman sama ta ƙoli, 'ya'ya kuwa har teburin cin abinci ya kasa ɗaukarsu.

Babbar cocin addininmu da ke birnin Salt Lake ta saki irin wannan aure tun zamanin kakanninmu don tsoro. Mu ne muka ware muka riƙe. A wurinmu mutuwa ba ta raba aure: in annabin ɗariƙa ya ɗaura shi, har lahira matarka ce. Abin da na dogara da shi ke nan a kan Permelia, wadda na fara aura, wadda ta jira ni ina kurkuku tana sayar da burodi.

Wata Lahadi Kawu Nefi, annabinmu, ya miƙe a taro ya kira sunayen maza, har da nawa. Ya ce Allah ya nuna masa hasken ya bar mu. Bai faɗi laifi ba. Ya ce mu bar gari mu tuba daga nesa, kada mu yi wa iyalinmu magana, ko gaisuwa. Wanda ya riƙe, za a mayar masa da gidansa. Wasu suka fashe da kuka. Ni hulata na ɗauka.

Na sauka a wata gonar kankana a Nevada tare da Mahonri, wanda aka kore mu rana ɗaya. Shi kafin kaka ya watsar da komai, har kofi ya fara sha, abin da aka haramta mana.

"Tsoho, ɗan kurɓa mana," in ji shi kullum. "Wa zai gan ka? Kankana?"

"Sha abinka, ɗan wuta. Ranar da za a kira ni, kai za ka ɗaukar mini jaka."

Shekaru suka yi ta wucewa, ban aika ko da gaisuwa ba. A nuna mini wanda ya yi haka.

Ran nan da rana tsaka ina cikin kunyoyin kankana sai ga Lavina, 'yata da ta gudu daga ɗariƙa tuntuni, sanye da wando kamar namiji. Ta miƙo mini waya.

"Baba, Mama ce. Jikin ya yi tsanani. Da ƙyar na sa aka ɓoye mata waya a ƙarƙashin matashi."

Daga inda nake ina jin muryar Permelia, ta shaƙe: "Orvil? Orvil, kana ji na?"

Saura kaɗan in amsa. Amma na san jarrabawa in na gan ta. Magana ɗaya, a ce na karya tuba, in rasa ta har abada. Na karɓi wayar na kife ta a kan ƙasa.

"Baba! Mutuwa fa za ta yi!"

"Shi ya sa. Ke nan kusa kike gani, ni can nake hange."

Lavina ta kalle ni kamar ba ta taɓa ganina ba, ta shiga mota.

Da labarin rasuwar ya zo, na ce gawa ba a yi mata magana, tsayuwa a bakin kabari ba ta karya tuba. Mahonri ya tuƙa ni. A ƙofar maƙabarta aka gitta mota, babban ɗana Heber na tsaye.

"Ɗan'uwa Orvil, ba a ba ka izinin shiga ba."

"Ɗan'uwa? Kai, ni na yanke maka cibi. Matsa in ga uwarka."

Bai ɗago ido ba. "Mahaifina yana ciki. Lorin Bagley."

"Lorin? Wanda ko guga bai iya jawowa?"

"Tun watan da ka tafi Kawu Nefi ya ɗaura masa auren matanka, duka ukun, na nan da na lahira. Ya ce mu ma jininmu ya koma nasa. Na ɗauka an gaya maka."

Ta saman kafaɗarsa na hango Lorin tsaye a wajen kan akwatin gawar, inda miji ke tsayawa. Ban faɗi ƙasa ba. Mahonri ya riƙe ni, amma ban faɗi ba.

A hanya bai tsokane ni ba ko sau ɗaya. Da ma zagina ya yi.

Daga baya Lavina ta dawo. Na tambaye ta me uwarta ta so ta faɗa mini.

"Ina zan sani? Kai ta kira, ba ni ba. Ta yi ta kiran sunanka har wayar ta mutu."

Ta bar mini wayar ta tafi. Mahonri ya koya mini yadda ake sa mata caji, kullum tana aljihuna a gona. Har yau ban karya tuba ba, ko kofi ban taɓa ba, kuma babu namijin da zai ce ya fi ni riƙo. Wata rana Kawu Nefi zai kira. In ya kira, gidan ma na yafe. Tambaya ɗaya zan yi masa: ranar tashi, a gefen wa Permelia za ta tsaya?