Talotalon Inna Tchima

Tun da Inna Tchima ta zo Greensboro daga Maradi wajen ɗanta Salifou, ba ta sa nama a bakinta ba. Hafiza, matar Salifou, ta sayo kaza a shagon halal na Gate City Boulevard, har ta nuna mata tambarin da ke jikin leda. Tsohuwa ta juya ledar gaba da baya, ta ce, "Ledar ce ta yi bismilla? Ni abin da kunnena bai ji ba, cikina ba ya karɓa." Haka ta zauna daga shinkafa sai wake, har likita ya ce jininta ya yi ƙasa, lallai ta ci nama. Hankalin Salifou ya tashi.

To, akwai gonakin da ake yanka rago a gaban mutum, amma kun san maza. Da abokinsa Kader ya ce lokacin farautar talotalon daji ya kusa, kuma ya san wani Bature mai fili a Pleasant Garden, shi ke nan. Salifou ya je ya koyi riƙon bindiga, ya yanki lasisi. Inna ta ce ƙafarsa ƙafarta, sai ta ji bismillar da kunnenta.

Ranar farautar, bayan sallar asuba ta fito da farin mayafi da jan ɗankwali. Kader ya dafe kai.

"Inna, fari da ja launin kan talotalo ne. Wani maharbi zai ɗauka ke ce."

"Ni ce na yi kama da talotalo, ɗan nema?"

Da ƙyar aka lallashe ta ta sa riga mai zanen ganye, ta sauko mata har gwiwa.

A dajin Kader ya zaunar da su jingine da wani ƙaton icce. Ya ce ba motsi, ba tari, ba taunar goro, don tsuntsun nan ko ido ka ƙifta ya gani. Kuma namiji kawai ake harbi, mai gemu a ƙirji. Sannan ya shiga goga wani ɗan akwatin katako da ke kuka kamar macen talotalo.

Can sai ga gogan naku ya taho yana buɗa wutsiya, yana taƙama kamar sabon ango. Salifou ya saita bindiga, ya yi bismilla can ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba!" in ji Inna. "Ɗaga murya!"

Talotalo ya arce, ko ƙurarsa ba su gani ba.

"Haba Inna," in ji Salifou kamar zai yi kuka, "in na ɗaga murya ai ji zai yi."

"To ni da shi wa ya haife ka?"

Kader ya kifa fuska a gwiwa, kafaɗunsa sai rawa suke don dariya. Da ya samu numfashi ya kawo shawara: Inna ta ɗora yatsunta a maƙogwaron Salifou, in ya yi bismilla za ta ji motsin. Ta auna maganar, sannan ta ce a gwada.

Suka koma wani wuri, suka yi ta jira har ƙafar tsohuwa ta yi tsami, hannunta na wuyan ɗanta kamar mai shirin shaƙe shi. Rana ta ɗaga kafin wani talotalon ya ɓullo. Maƙogwaro ya motsa, bindiga ta tashi, talotalo ya faɗi.

"Tsaya," in ji Inna. "Bismilla ce wannan, ko yawu ka haɗiye?"

Salifou shi kansa ba shi da tabbas. Sai Kader ya daka masa tsawa, "Kai, da sauran ransa! Wuƙa!"

Salifou ya miƙa wa Kader bindiga, ya ruga, ya danne fukafukai, ya juya shi gabas, ya kwarara "Bismillahi Allahu Akbar" da ƙarfin da sai da karnukan Baturen suka amsa daga gida.

"Yawwa," in ji Inna tana kakkaɓe zane. "Wannan kam na ji."

Da yamma Hafiza ta yi farfesu. Inna ta ce naman tauri gare shi kamar takalmi, kuma barkono bai ji ba. Tana faɗa tana miƙo kwano a ƙara mata cinya.