Ciki Ko Waje

Ranar Lahadin da Abdulmalik ya buga wa Najeriya wasan ƙarshe, ranar ubansa Ɗalha ya rasu, a zaurensa na Ƙofar Mata, hannunsa a kan gwiwata.

Ana idar da azahar zauren ya cika. Mikail mai aski ya ɗauko talabijin ɗin shagonsa ya jona da waya, aka kai janareto can ƙarshen lungu. Yara a ƙasa, magidanta a benci, mata a bayan labule. Mutanen da ba su taɓa ganin filin tanis ba duk sun wayi gari malamansa.

"Sha biyar, talatin, sai kuma arba'in?" in ji Mikail, yana dubana. "Malam Isyaku, ina biyar ta shiga?"

"Alƙali ya cinye," wani ya amsa daga baya, aka kwashe da dariya.

Na yi musu bayani sau uku, kamar yadda na saba yi wa 'yan aji marasa ji. Gasar ƙasashe ce. Ƙasa biyu ke karawa a wasa biyar, wadda ta ci uku ta haye. Mun ci biyu, masu masaukin sun ci biyu, ga na biyar ya faɗo kan ɗan Ɗalha marini.

Ɗalha na kishingiɗe a tabarma. Yanar ido ta rufe masa gani, inuwa kawai yake gani a talabijin. Likita ya hana shi duk abin da zai tayar masa da zuciya, amma da safen nan sai da ya je karofi, wurin rini, ya tsoma hannu a ruwan baba, wai zama ya gagare shi.

"Malam Ƙamus," ya ce da ni, da laƙabin da ya saka min, "matso nan. Yau dai karatunka zai yi rana. Kai ne idona."

Na matsa, ba don ina so ba. Tun Abdulmalik na firamare yake dukan bangon ɗakin karatuna da ƙwallo da guntun katako, tim, tim, har ranar salla. In na tashi zan fita da bulala, marigayiya matata Zaituna ta riƙe ni. "Bar shi, Malam. Gidan da ba yara ai ya gode Allah da ya samu mai ƙwanƙwasa masa." Na taɓa ce wa Ɗalha ɗansa zai ƙare a tsintar wa masu kuɗi ƙwallo. Ya ce, "Kai ma ai tsintar maganar matattu kake yi a littafi, ba wanda ya hana ka." Da haka muka tsufa, bango ɗaya tsakaninmu.

Sau ɗaya Ɗalha ya taɓa zuwa kallon yaron a wani kulob a Nasarawa, abu ɗaya kuma ya koyo: muddin ƙwallo na sama, ba a magana. Wannan doka ya kafa mana a zaure.

"Shiru!" Ya ɗaga shuɗin hannunsa.

"Ɗalha, yaron nan yana bayan hamada. Ko ganga aka kaɗa nan ba zai ji ba."

"Zai ji. Ni na san kunnen ɗana."

Abin dariya, sai aka bi shi. Mutanen da suka saba fasa maƙogwaro a gidan kallon ƙwallo suka kame kamar masu sauraron huɗuba. Mai rake ya daina talla. Wani mai babur ya kashe inji ya tura shi da hannu ya wuce. Da ƙwallo ta mutu, sai Ɗalha ya matse gwiwata, in faɗa masa, sannan zaure ya fashe.

"Namu ne!"

"Allahu akbar! Audu, ka biya nono!" Muryar Husaina ke nan, uwar yaron, daga bayan labule.

Abdulmalik ya faɗi zagayen farko. Ya ci na biyu. A na uku, ni da nake cewa wasan 'ya'yan hutu ne, sai na ji hulata a hannu, ban san lokacin da na cire ta ba. Yaron na zamewa a jar ƙasa, yana mayar da ƙwallon da ba mai mayarwa. Na gane bugun. Shi ne wanda ya hana ni barcin rana.

"Malam, ka sha maganinka?" Husaina ta leƙo tana tambayar mijinta.

"Hajiya, shiru! Zai buga," in ji Ɗalha.

Gumi ya jiƙa Ɗalha sharkaf, numfashinsa na fita da ƙyar, amma fuskarsa kamar ta ango. Na ce ya bari a shigar da shi ciki. Ya ce, "Ka karanta min lamba, Ƙamus, ba fatawa na nema ba."

Aka zo makin da in Abdulmalik ya ci, an gama. Zaure tsit, sai gurnanin janareto daga nesa. Ƙwallo ta je ta dawo, ta je ta dawo, har wani yaro ya cusa riga a baki. Abdulmalik ya sheƙa da gudu ya zabga ta can kusurwa. Mai kula da layi ya yi ihu, wai waje. Abdulmalik ya nuna wurin da raket ɗin da yake bugu da shi.

Ɗalha ya damƙe gwiwata. "Ciki ko waje?"

Na gani sarai. Ta taɓa layi, har farar ƙurar layin ta tashi. Amma na ƙare aikina ina duba jarrabawa, ban taɓa ba da maki kan zato ba.

"Dakata. Alƙali zai sauko ya duba sawun."

"Kai me ka gani?"

"Abin da na gani ba shi ne hukunci ba."

Ya yi 'yar dariya. "Ƙamus ke nan," ya ce.

Alƙalin ya sauko daga doguwar kujerarsa, ya tako a hankali kamar mai zuwa biko. Ya duƙa kan jar ƙasar. Ya kifa tafin hannunsa, alamar makin na Abdulmalik ne.

Zauren ya tashi. Mikail ya rungumi talabijin, benci ya kife, guɗar Husaina ta keta lungu har marina suka baro karofi a guje. A allo abokan Abdulmalik sun ɗaga shi sama da tuta a wuya. Ni ma ihu nake, ni Isyaku, da ban ɗaga murya ba tun rasuwar Zaituna.

Na juya in faɗa wa Ɗalha. Kansa na jingine da bango, bakinsa da sauran dariyar, hannunsa ya saki.

Kafin magariba muka kai shi. Muna dawowa yaran wani lungu, da labari bai iske su ba, suna ta buga ƙwallo da murfin tukunya suna kiran sunan Abdulmalik. Ba wanda ya tsawata musu.

Farar rigar da na sa ranar tana rataye a ƙusa, jikin bangon nan namu. A daidai gwiwa akwai shuɗin sawun yatsu. Wani lokaci in na rufe littafi sai in dube shi.

Ciki ne, Ɗalha. Tun kafin ya sauko na gani.